SHARHI: Gyambon Da Ya Ƙi Jin Magani A Wurno, Rabah Da Goronyo

Cikin cututtukan fata da likitoci suka tabbatar akwai su a Jihar Sakkwato har da wadda a ke kira lishmaniya. Ba baƙuwa ba ce a wannan yanki, domin tun cikin 1911 aka ba da labarinta a ƙasar Nijar.

Macen wani ɗan ƙwaro ne, wanda bai kai sauro girma ba, ke ɗauko ƙwayar cutar daga ɓerayen daji ta sanya wa mutum, galibi daga magariba zuwa asuba. Bayan makonni ko watanni sai ƙurji ya fito a fuska, hannu ko ƙafa, ya fashe ya zama gyambo mai tudun baki, sau da yawa ba ya ciwo.

Abin da ya sa batun ya shafi gabashin Sakkwato shi ne, manoman rani na fadamun Wurno da na madatsar ruwan Goronyo su kan kai dare a gona. Bugu da ƙari, tun daga 2018 hare-haren 'yan bindiga sun raba jama'a da yawa da garuruwansu a ƙasar Rabah da maƙwabtanta, wanda kuwa ke kwana a fili ba shi da kariya daga cizo.

Babbar matsalar ita ce gane cutar. A kan ɗauke ta gyambo ne kawai, a yi ta sayen magungunan da ba sa kashe ƙwayar. Alhali kuwa gwajin ba shi da wuya: a kankaro bakin gyambon, a rina, a duba da madubin likita. In an tabbatar, akwai allurar Pentostam ko Glucantime, wadda a ke yi a jikin gyambon, ko kuma ta kwana 20 in ya yi tsanani. Ko da ya ke ya kan warke da kansa cikin watanni, tabon ba ya gushewa, yarinya kuwa mai tabo a fuska ita ta san abin da ta ke gamuwa da shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 600,000 zuwa miliyan 1 ke kamuwa kowace shekara, amma kimanin 200,000 kaɗai ke shiga lissafi. Saboda haka ya wajaba Ma'aikatar Lafiya ta Jiha ta horar da ma'aikatan asibitocin waɗannan ƙananan hukumomi uku, ta wadata su da kayan gwaji da gidajen sauro masu magani, don kada sai talaka ya kai kansa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kafin a san abin da ke damunsa.