Tsakuwar Matsarmama: A Yi Aiki Ko A Yi Haƙuri?

Tun da na'urar hoton ciki ta wadata a biranenmu, har ya zama da wuya a sami babban gari a ƙasar Hausa wanda babu ɗakin sikanin a cikinsa, wata lalura da iyayenmu suka sha fama da ita ba tare da sun san sunanta ba ta fara bayyana a takardun asibiti, wato tsakuwa a cikin matsarmama. Sai ka ga baiwar Allah ta shekara da shekaru tana shan maganin olsa daga wannan kemis zuwa wancan, tana kukan ƙahon zuciya da ciwon da ke soke ta ta ƙarƙashin haƙarƙarin dama ya ɓulla ta allon kafaɗa, ran da aka ɗora mata na'ura kuwa sai a ga tsakuwoyi jere a cikin 'yar jakar nan da ke maƙale da hanta. Daga nan likita ya ce aiki za a yi, gida kuma ya rabu biyu, wasu na cewa a yi a huta, wasu na cewa ba a shiga ɗakin tiyata da ƙafa alhali mutum yana ci yana sha.

Ra'ayina a cikin wannan mas'ala shi ne, duka ɓangarorin biyu suna gaggawar yanke hukunci tun ba su tantance halin da majinyacin yake ciki ba, domin masu wannan tsakuwa ba a kan matsayi ɗaya suke ba, kuma abin da ya zama maslaha ga wani yana iya zama halaka ga wani.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci yana feɗe rago ya ga yadda yake lallaɓa hanta, ya sa tsinin wuƙa ya ɓamɓaro wata 'yar koriyar jaka a hankali ya jefar, don kada ta fashe ɗacinta ya ɓata nama. Wannan ita ce matsarmama. Sai dai abin da yawancin jama'a ba su sani ba, wanda kuma shi ne ginshiƙin fahimtar al'amarin duka, shi ne ba ita ke yin ruwan ɗacin ba. Hanta ce ke yin sa, kimanin rabin lita ko fiye a kowace rana, matsarmama kuwa randa ce kawai da ke ajiye ɗan abin da bai wuce cokali uku ko huɗu ba, ta kaurara shi, idan mutum ya ci abinci mai maiƙo sai ta matse ta tura shi cikin hanji domin ya taimaka wajen narkar da kitse. Saboda haka idan aka cire ta rijiyar, wato hanta, tana nan, ruwan zai ci gaba da gangarawa cikin hanji kai tsaye, mutum kuma ya rayu ya ci tuwonsa ya yi azuminsa. Tsakuwar tana samuwa ne idan sinadaran da ke cikin ruwan suka rinjayi juna suka daskare: wata daga kitsen jini da ake kira kwalastarol, wadda ta fi kama mata, da masu ƙiba, da waɗanda suka yi haihuwa da yawa, da wanda ya rame farat ɗaya, wata kuma baƙa daga ragowar ƙwayoyin jini da suka farfashe, wadda ita ce ke addabar masu sikila tun suna yara, ga shi kuwa babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan haihuwar masu wannan cuta.

To, wanda aka ga tsakuwa a cikinsa bisa katari, aka je duba juna biyu ko ƙoda aka ci karo da ita alhali ba ta taɓa yi masa ciwo ba, maganarsa gajeriya ce. Kusan mutum takwas cikin goma na masu tsakuwa haka suke, yawancinsu kuma har su koma ga Mahaliccinsu ba za ta motsa ba, kuma galibin likitoci sun haɗu a kan cewa a ƙyale ta, sai fa in akwai wani dalili na musamman kamar sikila, inda ya kamata a zauna da likitan jini a auna. Haka nan wanda tsakuwar ta toshe masa hanya har matsarmamar ta kumbura ta yi ruwa, ko ta gangara cikin babban bututun ɗaci idanunsa suka yi ɗorawa da shawara, ko ta tayar da kumburin gaɓar nan da ke bayan tumbi wadda likitoci ke ce wa fankiriyas, shi ma maganarsa gajeriya ce, domin ya fita daga babin zaɓi ya shiga babin larura, kuma jinkiri a nan wasa ne da rai.

Inda maganar take da faɗi shi ne mutumin da ke tsakani: ciwo ya taso masa bayan ya ci soyayyen nama ko miya mai yawan mai, sau da yawa cikin dare, ya murɗe shi sa'a ɗaya ko biyu ko uku har da amai, sa'an nan ya lafa, gari ya waye ya tafi kasuwa kamar babu abin da ya faru. Shekaru da yawa al'adar likitoci ita ce a cire wa irin wannan matsarmama ba tare da dogon bahasi ba, musamman tun da aikin ya sauƙaƙa. Wani likitan Jamus mai suna Carl Langenbuch ne ya fara cire ta a birnin Balin a shekarar 1882, ta hanyar tsaga ciki, aka yi shekara ɗari ana bin wannan tafarki, har a 1985 wani Bajamushen, Erich Mühe, ya cire ta ta ƙananan huda da taimakon madubin leƙa ciki, Philippe Mouret na Faransa ya biyo baya a 1987. Da wannan sabuwar hanya majinyaci kan koma gida a ranar ko washegari, ya koma sana'arsa cikin mako ɗaya ko biyu, maimakon wata guda ko fiye da tsagar ciki ke ɗauka.

Amma sauƙin aiki bai zama hujjar yi wa kowa shi ba, kuma adalci ya wajabta a faɗi abin da masu tsoro suke da gaskiya a cikinsa. Babban haɗarin wannan tiyata shi ne a yanke ko a ɗaure babban bututun ɗaci bisa kuskure, abin da ke aukuwa ga 'yan mutane ƙalilan a cikin kowane dubu, amma wanda ya auka wa yana iya shekaru yana jinya. Ko manyan duniya ba su tsira ba: Anthony Eden, lokacin yana ministan harkokin wajen Birtaniya a 1953, an ji wa bututunsa rauni a wannan aiki, sai da aka kai shi birnin Boston na Amurka aka gyara, kuma zazzaɓin abin bai rabu da shi ba har zamanin da ya zama firayim minista ya faɗa rikicin mashigin Suwes a 1956. Bayan wannan akwai waɗanda kan yi fama da gudawa na wani lokaci bayan aiki, akwai kuma waɗanda aka cire musu matsarmama ciwon cikin bai tafi ba, saboda tun asali ba tsakuwar ce ke kawo shi ba. Wani bincike da aka yi a ƙasar Holan, aka buga a mujallar Lancet a 2019, ya nuna cewa kusan mutum huɗu cikin goma na masu tsakuwa da ciwon ciki suna nan da wani ciwon bayan shekara guda, ko da an yi wa mafi yawansu aiki. Wani kuma da aka yi a Birtaniya a kan mutum 434, aka buga a 2023, ya raba majinyata gida biyu, wasu aka sa su a layin tiyata, wasu aka ba su maganin ciwo da shawarar abinci aka ce su saurara. Bayan wata 18 ba a ga bambanci a yawan ciwon da ke tsakaninsu ba, kuma kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na masu sauraron suka kai ga an yi musu aiki.

Wannan hujja ce mai ƙarfi, ban kuwa raina ta ba, amma ina roƙon mai karatu ya lura da inda aka yi binciken. Baturen da aka ce ya koma gida ya saurara, idan ciwo ya tashi da ƙarfe biyun dare zai buga waya motar asibiti ta zo ƙofarsa, a yi masa hoto da gwajin jini kafin asuba, a shiga da shi tiyata idan ta kama, ba tare da an ce ya kawo ko sisi ba. Haƙurinsa haƙuri ne da ke da gata a bayansa. Mutumin ƙauyenmu kuwa, wanda tsakaninsa da asibitin da ke da likitan fiɗa da mai ba da allurar barci tafiya ce ta sa'o'i a kan hanyar da damina ke yankewa, a wasu wuraren ma ba a bin ta da dare saboda rashin tsaro, wanda kuma sai an sayar da akuya ko an bi dangi kafin a haɗa kuɗin kati da na jini, idan aka ce masa ya saurara, a haƙiƙa an ce masa ne ya jira ranar da za a kai shi ranga-ranga. Aikin da aka shirya cikin natsuwa, aka zaɓi likita, aka daidaita suga da hawan jini, aka tara kuɗi sannu a hankali, bai yi daidai da aikin gaggawa a kan matsarmamar da ta kumbura ta manne da hanji ba, ko ta fuskar haɗari ko ta fuskar tsada. Malamanmu na fiƙihu sun karantar da mu cewa idan cuta biyu suka haɗu, babu makawa sai ɗaya, ana ɗaukar mafi sauƙinsu, kuma a ganina ga wanda ciwon ya maimaita masa, ko yake da ciwon suga wanda kan ɓoye alamun ruɓewa har sai abu ya yi nisa, ko yake da sikila, ko mazauninsa ke nesa da asibiti, mafi sauƙin cutarwar biyu shi ne aikin da aka shirya. Wanda kuwa sau ɗaya ciwon ya taɓa shi, yana zaune a birni kusa da likitansa, ko tsoho mai raunin zuciya wanda allurar barci ta fi tsakuwar yi masa barazana, idan ya zaɓi ya saurara bai yi wauta ba, kuma bai kamata likita ya tsorata shi ba.

Abin da ba zan yarda a kira shi zaɓi ba shi ne cinikin masu cewa suna da maganin da ke narkar da tsakuwa cikin kwana uku. Akwai ƙwaya ta asibiti da ke iya narkar da ƙananan tsakuwoyin kwalastarol, amma sai an sha ta wata shida har zuwa shekara biyu, ba ta taɓa baƙar tsakuwar masu sikila, kuma kusan rabin waɗanda ta yi wa aiki tsakuwar kan dawo musu cikin shekara biyar, tun da jakar da ta haife ta tana nan. Rage maiƙo yana iya rage yawan tashin ciwon, amma ba ya taɓa tsakuwar da ta riga ta samu. Sai kuma dabarar nan da ta yaɗu ta wayoyi, ta shan kofin man zaitun da ruwan lemon tsami da dare, da safe mutum ya ga wasu korayen dunƙule-dunƙule a bayan gida ya yi hamdala. An kai irin waɗannan dunƙulen ɗakin gwaji, aka ba da rahoto a Lancet a 2005 cewa ba tsakuwa ba ne, man ne da lemon suka haɗu da ruwan hanji suka daskare kamar sabulu. Man zaitun abinci ne mai albarka, babu mai musun wannan, amma kofi guda na kowane irin mai shi ne daidai abin da ke sa matsarmama ta matse da ƙarfi, ta tura tsakuwa inda za ta toshe.

Na san akwai bayin Allah da ke ganin miƙa wuya ga wuƙar likita kamar rauni ne a tawakkali, ko kuwa wani abu ne baƙo ga Musulunci. Ya isa a tuna musu cewa Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajen 1013, ya rufe littafinsa At-Tasrif da babi guda a kan fiɗa, da zanen kayan aikinta, kuma Turai ta yi ƙarnoni tana karantar da shi. Riƙo da sababi ba ya kore tawakkali, istihara kuma ana yin ta ne tare da shawarar masana. Kuma ina kira ga magidanta musamman, tun da mata ne wannan lalura ta fi kamawa, kuma sau da yawa sa hannun miji ko kuɗinsa ake jira: kada ka bar uwar 'ya'yanka tana birgima cikin dare wata da watanni kana cewa a ƙara jarraba na gargajiya.

Wanda ya zaɓi aiki yana da haƙƙin ya tambayi likita, cikin ladabi amma ba tare da jin nauyi ba, ko ya tabbata tsakuwar ce ke kawo ciwon ba gyambon ciki ba, sau nawa yake yin irin wannan aiki, ta huda zai yi ko ta tsagawa, kuma ina za a kai majinyaci idan aka sami matsala a bututu. Wanda kuma ya zaɓi haƙuri, to ya yi shi da sharaɗi: ya rage soye-soye da kitse, musamman a buɗa-baki bayan dogon yini ciki babu komai, ya ajiye kuɗin mota da na asibiti a gefe, ya kuma sanar da mutanen gidansa cewa idan ciwo ya wuce sa'a biyar ko shida bai lafa ba, ko zazzaɓi da rawar ɗari suka shigo, ko idanu suka yi ɗorawa fitsari ya koma kamar ruwan shayi, a kai shi asibitin da ake tiyata a daren nan, kada a tsaya jiƙa maganin shawara ana jiran gari ya waye.