Ra'ayinmu: Tsohon gari ma jari ne

A ƙasar Biyetnam akwai wani tsohon gari mai suna Hoyi An. Tun daga ƙarni na 15 har na 19 babbar tashar jiragen ruwa ce, inda fataken Sin da Japan da Turawa ke sauke kaya. Da yashi ya cike bakin koginsu, sai ciniki ya koma Da Nang, gari ya mutu. Amma mutanensa ba su rushe tsofaffin gidajensu ba, matan kasuwa kuma ba su daina dafa taliyar da suka gada ba. A 1999 hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya. Yau miliyoyin baƙi ke zuwa, mai abinci da tela da mai kwale-kwale kowa na samun na cefane.

To, mu me muka yi da namu? Agadas ta shiga wannan jeri a 2013, da hasumiyar masallacinta ta laka mai tsawon mita 27. Amma tun tawayen 2007 Turawa masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, maƙera da dukawa suka shiga wani hali. A Damagaram kuwa, ruwan daminar 2024 ya rushe tsohon masallacin Birni, wanda aka gina tun ƙarni na 19. Abin da kakanni suka bari yana zubewa muna kallo.

A ganinmu kuskuren shi ne jiran baƙon nesa. Baƙon da ya fi tabbas shi ne ɗan ƙasa, kuma ba wanda ya kai ɗan kasuwa yawo. Alhajin da ya bar Dakoro zuwa Damagaram ko Agadas ko Kano sarin kaya, me zai hana ya ware rabin yini ya ga fadar sarki, ya ci abincin garin, ya sayo wa iyali aikin hannun mutanen wurin? Jaka biyu ko uku da zai kashe, ita ce ke riƙe sana'ar da in ta mutu ba ta dawowa.

Nan gida ma ba a bar mu a baya ba. Arewa da mu ga gandun dajin Gadabeji, inda aka kawo raƙuman dawa daga Kure a 2018. Ga kasuwar dabbobi da ke haɗa Bahaushe da Bafillace da Buzu. Ga cuku da kilishi da fura da nono. Duk wanda ya zo sayen bisashe baƙo ne, kuma abin da ya ci shi zai ba da labari. Saboda haka iyayenmu mata masu abinci, a rufe ƙwarya, a wanke kwano, kada a tsuga wa baƙo kuɗi don an ga ba ɗan gari ba ne. Cutar yini ɗaya takan kori cinikin shekara.

Muna kira ga ma'aikatar magajin gari da ta riƙa sa wani kaso na harajin kasuwa wajen shara da rumfuna da ruwan sha. Sarakuna kuma su sa ido kan tsofaffin gine-gine, a yi musu yaɓe kafin damina.

Allah ya sa mu gane, amin.