Shugabancin ƙungiyar iyaye da malamai: Aikin da ba lada sai tuhuma

A galibin makarantun gwamnati na arewacin Najeriya, akwai wani muƙami da ba a biyan mai riƙe da shi ko kwabo, amma shi ake fara nema idan iska ta yaye rufin aji. Shi ne shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, wadda aka fi sani da PTA.

A takarda dai, bai kamata nauyin ya kai haka ba. Shirin ilimin bai-ɗaya na UBE, wanda Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999, ya samu dokarsa a 2004, kuma dokar ta ce karatun shekaru 9 na farko kyauta ne, sannan tilas ne.

An ware wa shirin kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, sai dai jiha ba ta karɓar kasonta na gine-gine sai ta ajiye daidai adadinsa. Jihohi da dama sun sha barin kuɗin a hannun hukumar UBEC saboda gaza cika wannan sharaɗi.

Giɓin da hakan ke bari, a kan iyaye yake faɗawa.

Tsaka mai wuya

Daga ɗan kuɗin da iyaye ke haɗawa kowane zango ake sayen alli, a gyara benci, a sallami maigadi, a wasu wuraren ma har a biya malaman wucin-gadi.

A nan ne shugaban ƙungiyar kan shiga tsaka mai wuya. Idan ya karɓi kuɗi, a ce ya karya dokar ilimi kyauta, ko a yi ta raɗe-raɗin ya ci. Idan ya ƙi karɓa, yara su zauna a ƙasa, a ce bai iya shugabanci ba.

Zargin ba kullum yake zama marar tushe ba. A 2016 gwamnatin tarayya ta haramta wa ƙungiyoyin PTA na makarantun sakandarenta karɓar kuɗin gine-gine, bayan ƙorafin cewa abin ya wuce kima. Amma hani irin wannan ba ya gina aji.

Ban da batun kuɗi, akwai lokaci. Mai wannan aiki zai bar shagonsa ko gonarsa ya yi zarya ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ya sasanta malami da uban da aka daki ɗansa, ya kuma bi gida-gida yana roƙon a rage wa 'yan mata talla. Tun bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, da Kuriga a 2024, a yankuna da yawa shi ake tambaya ko a bar yara su koma makaranta, tambayar da hukuma ma ba ta da tabbacin amsarta.

A tsakiyar shekarun 2000 an ɓullo da kwamitocin al'umma na SBMC, masu haɗa masu unguwanni da limamai da mata, kuma shirin ESSPIN mai samun tallafin Birtaniya ya horar da su a jihohi 6, ciki har da Kano da Kaduna da Jigawa. Manufar ita ce a raba nauyin. A ƙaramin ƙauye kuwa, sau da yawa mutanen nan guda uku ko huɗu ne a kwamitocin biyu.

Shi ya sa kujerar kan faɗa hannun tsohon ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai rufin asiri, wanda kan ci gaba da riƙe ta har bayan 'ya'yansa sun gama makarantar. Ba wanda ya nemi ya karɓe shi, kuma waɗanda suka guje wa aikin ba su cika zuwa taron da za a karanta lissafin kuɗi ba.