Kashin saniya a cikin ƙamusun Ingilishi

Akwai wata dariya da na gaji da ji a jami'a. Ɗalibi daga Adar ko Gobir ya ce "hura" maimakon "fura", ko ya kira wani haki da sunan da ya ji a bakin kakarsa, sai a kwashe: "Kai, Hausar ƙauye!" Masu dariyar nan su ne za ka gani sun rungume ƙamusun Ingilishi, wai shi ne harshen wayewa, tsaftatacce, babu ƙauyanci a jikinsa. To ni ilimin harshe nake karantawa, kuma ina gaya musu ba su san harshen da suke yi wa biyayya ba. Su buɗe ƙamusun nasu wajen sunayen kifi da tsirrai, su ga ko daga bakin wa kalmomin suka fito.

Mu fara da furanni. Akwai wani fure mai ruwan ɗorawa da ke fitowa a makiyayar Ingila, ana kiransa cowslip. A tsohon Ingilishi, shekara dubu da suka wuce, sunansa cuslyppe: cu saniya, slyppe kashi mai danshi. Wato kashin saniya. Sunan makiyayi ne sak, wanda ya lura da inda furen yake fitowa. A gabashin Ingila kuma manoma paigle suke ce masa. Daisy asalinsa "idon yini", don yana buɗewa da safe ya rufe da dare. Dandelion aro ne daga Faransanci, dent de lion, haƙorin zaki, amma mutanen karkara piss-a-bed suke kiransa, mai sa fitsarin kwance, saboda ganyensa yana sa yawan fitsari. Wanda ya yi lakkwal a nan Nijar ya san pissenlit. Ga shi zaune daram a ƙamusun Faransanci, ba wanda ya ce masa ƙauyanci.

Wajen kifi labarin ya fi zafi. Kafin 1066 Ingilawa suna kiran babban kifin kogunansu leax, ɗan uwan Lachs na Jamusanci. Da Normandawa suka ci ƙasar, Faransanci ya zama harshen fada da kotu da teburin manya, sai sannu a hankali salmon, kalmar masu mulki, ta ture leax. Mu da muka tashi ƙarƙashin Faransanci ai ba sai an yi mana dogon bayani ba. Abin da manya ba su iya turewa ba shi ne kalmomin aikin masunta. Kifin ɗaya ne, amma masunci yana da suna ga kowane matakin rayuwarsa: parr yana ƙarami a kogi da zane a gefensa, smolt idan ya yi fari kamar azurfa zai gangara teku, grilse idan ya dawo bayan hunturu ɗaya a teku, kelt idan ya zubar da ƙwai ya rame. A yau masana kifi a jami'o'i da waɗannan kalmomin suke rubutu, don ba su da wasu da suka fi su. Haka elver, sunan ƴaƴan wani dogon kifi mai kama da maciji: asalinsa eel-fare, "tafiyar kifin", kalmar mutanen bakin kogi da ke ganinsu suna hawan ruwa tuli-tuli kowace bazara.

Kada ku ɗauka Ingilawa ba su raina waɗannan kalmomi ba. Sun raina su ƙwarai, kuma har yau ana yi wa mai karin harshen arewacin Ingila ba'a a Landan. Bambancinmu da su shi ne an samu waɗanda suka tashi suka rubuta. A 1674 John Ray, babban masanin tsirrai, ya fitar da littafin kalmomin Ingilishi da ba kowa ke amfani da su ba, ya haɗa da jerin sunayen tsuntsaye da kifayen ƙasar. A 1873 Walter Skeat ya kafa ƙungiyar kare-karen harshen Ingilishi, English Dialect Society, daidai lokacin da jirgin ƙasa da makarantun gwamnati da ƙaura zuwa birane suke share maganar karkara. Ƙungiyar ta buga ƙamusun sunayen tsirrai na James Britten da Robert Holland tsakanin 1878 da 1886.

Wanda ya haɗa aikin wuri ɗaya shi ne Joseph Wright, kuma labarinsa ya kamata masu dariya su ji. An haife shi a 1855 kusa da Bradford. Yana ɗan shekara shida yana koran jaki a wurin fasa dutse, daga nan ya shiga masaƙa, bai iya karatu ba sai da ya kai wajen shekara 15. Wannan ɗan ƙauyen ne ya zama farfesa a Oxford, ya fitar da ƙamusun kare-karen Ingilishi juzu'i 6 tsakanin 1898 da 1905, kuma da masu buga littattafai suka noƙe, aljihunsa ya taɓa. Bayansa, daga 1950 zuwa 1961, masu bincike na jami'ar Leeds ƙarƙashin Harold Orton suka zaga garuruwa 313 suna tambayar tsofaffin manoma yadda suke kiran abubuwa. Ku lura: ƙasar da ta taɓa mallakar kusan rubu'in duniya ce take bin dattijon ƙauye da takarda da alƙalami.

Na san abin da za a ce mini. Na farko: ai akwai sunayen kimiyya na Latin tun Linnaeus, me za a yi da sunan ƙauye da ke rikitarwa? Gaskiya ne yana rikitarwa. Furen da ake kira bluebell a Ingila daban yake da wanda ake kira bluebell a Sikotilan. Kuma an daɗe ana gardama ko parr wani kifi ne daban, sai a shekarun 1830 John Shaw ya reni su a tafki ya nuna ƴaƴan salmon ne. Amma sunan Latin jinsi kawai yake gaya maka. Ba ya gaya maka wane wata ake kama kifin, ko girman da ya kamata a sake shi ya koma ruwa, ko ganyen yana sa fitsari. Wannan sanin yana cikin sunan gida, kuma in sunan ya mutu, yawanci tare suke tafiya.

Na biyu: ai makaranta sai da daidaitaccen harshe. Na yarda. Sai dai ku dubi abin da ya faru a 2007. Ƙamusun yara na Oxford ya cire kalmomi irin su cowslip da dandelion da bluebell, ya sa kalmomin intanet a gurbinsu, bisa hujjar cewa yara ba sa amfani da su. A 2015 marubuta da dama, ciki har da Margaret Atwood, suka rubuta takardar ƙorafi. Harshen da ke da Ray da Wright da tarin ƙamusoshi ke nan, amma yana kukan yaransa ba su san furen bayan gida ba. Ina ga mu?

Tun 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Madalla. Amma wace Hausa za ta shiga littafin lakkwal? In muka kwafo ta Kano kawai muka ce sauran ƙauyanci ne, mun yi wa kanmu abin da Normandawa suka yi wa leax, kuma da hannunmu. Tambayi ɗalibi sunayen kifi biyar: tarwaɗa, karfasa, giwan ruwa, sai ya fara sosa ƙeya. Je ka tafkin Madarunfa ko Tabalak ko bakin kogi a Gaya, masunci zai jero maka ƙurungu da minjirya da gaiwa da tsage da yauni, da waɗanda ban taɓa gani a takarda ba. Tsohuwar da ta san kwana nawa ake jiƙa anza kafin ɗacinta ya fita ta ceci gidaje a shekarun yunwa, kuma ba da Latin ta koya ba. Abin kunya kuma, littafin sunayen tsirrai na Hausa da ake ta komawa gare shi na J. M. Dalziel ne, likita Bature, tun 1916. Shekara ɗari da ɗoriya muna jiran wa?

Ga abin da nake roƙo, kuma bai fi ƙarfin ɗalibi ba. In hutu ya zo, kowa ya tafi gida da littafin rubutu da wayarsa. Ka zauna da sarkin ruwa, da mai sayar da magani a kasuwa, da kakarka. Ka rubuta sunan yadda aka faɗe shi, kada ka gyara shi ya koma na birni. Ka sa garin, da lokacin da abin yake fitowa, da amfaninsa, ka ɗauki hoto da murya in an yarda maka. Suna 20 kowane mutum ya isa. Mu kawo su mu haɗa a wannan ɗan littafin namu, mu kwatanta na Tawa da na Maraɗi da na Damagaram. Dattijan da ke riƙe da sunayen nan ba za su jira mu gama digiri ba.