Ɓeraye da kyanwoyi: labarin wani ɗan kasuwa

Duk wanda ya taso yana karanta Tintin da Asterix a lakkol, in aka miƙa masa Maus zai ɗauka wata tatsuniya ce ta yara. Ga Yahudawa an zana su da kan ɓera, Jamusawa da kan kyanwa, mutanen Polonya aladu, Amurkawa karnuka. Amma kafin ya yi nisa murmushinsa zai ɗauke.

Art Spiegelman, mai zane ɗan Amurka, shi ya wallafa littafin kashi biyu, a 1986 da 1991, ya kuma samu kyautar Pulitzer a 1992. Ba ƙagaggen labari ba ne. Hira ce da ya daɗe yana yi da mahaifinsa Vladek, Bayahuden Polonya mai sayar da yadi, wanda aka kai sansanin Auschwitz a 1944 aka rubuta masa lamba 175113 a hannu.

Abin da zai tsaya wa ɗan kasuwa a rai shi ne yadda Vladek ya tsira. Ba da ƙarfi ba, ba da makami ba, da ciniki. Ya koya wa wani mai gadin fursunoni Turanci, aka biya shi da abinci da tufafi. Da aka nemi maƙerin kwano ya ce ya iya, da aka nemi mai gyaran takalmi ya ce ga shi. Yana cin rabin burodinsa, yana ɓoye rabi don musaya. Duk da wannan wayo, littafin bai ɓoye cewa sa'a ce ta yi rabin aikin ba: ɗansa na fari, Richieu, ya mutu yana yaro a 1943, matarsa Anja kuwa, wadda ta fito da rai, ta kashe kanta a 1968.

Inda littafin ya fi nauyi shi ne Spiegelman bai mai da ubansa waliyyi ba. Dabarar da ta cece shi a sansani ita ta zame wa iyalinsa masifa a New York. Tsoho ne marowaci, mai ƙirga ƙwayoyin maganinsa, mai tsintar waya a titi. Ya ƙone littattafan da Anja ta rubuta tarihinta a ciki, abin da ɗan bai yafe masa da sauƙi ba. (Ƴaƴa kaɗan ne za su iya zana mahaifinsu haka, kuma mai karatu na da ikon jin nauyin abin.)

Akwai wani wuri a kashi na biyu. Vladek ya mai da kwalayen abincin da aka riga aka buɗe kanti, ya yi ta magiya da labarin wahalarsa har aka karɓa. A hanyar komawa surukarsa ta rage wa wani baƙar fata hanya a mota. Vladek, mutumin da aka zana wa lamba saboda asalinsa, ya yi ta gunaguni, idonsa na kan kayan cefane kada a sace.