Wa Zai Riƙe Mana Alƙalamin Lissafi?

Ƴan'uwa makiyaya da fataken bisashe, akwai wata magana da ake yawan faɗa wa ƴaƴanmu a makarantun Nijar, wadda ya kamata mu taru mu ƙi ta: wai lissafi ba na ɗan daji ba ne. Yaro ya ci jarrabawar BEPC, za a raba shi zuwa lise, sai a ce ya bi sashen A na adabi don ya fi sauƙi, ya bar sashen C. Mu iyaye kuma mu ce to, tunda ba mu san abin da aka rufe masa ba.

Ga abin da aka rufe. Daga sashen C ne ake zarcewa zuwa bakaloriya C ko D, ita ce mabuɗin karatun likitan dabbobi a makarantar Dakar da aka kafa a 1968, da karatun noma da kiwo a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Rana ɗaya ta zaɓi ke yanke wannan hukunci.

Wa ya ce ɗanmu ba ya iya lissafi? Yaron da ke duban garke da almuru ya san karsana ɗaya ba ta dawo ba? Ko falken da ke sayen sa a Dakoro da sefa, ya sayar a Jibiya da naira, ya cire kuɗin mota da na dillali da na haraji duk a ka? Kai yana nan, alƙalami ne babu.

Alƙalamin kuwa shi ke mulkinmu. Kowace shekara ma'aikatan kiwo na auna ciyawar ƙasa. A ƙa'idarsu, dabba mai nauyin kilo 250 na cin kilo 6,25 na busasshiyar ciyawa a yini, wato kusan tan 1,7 a watanni tara na rani. Da wannan lissafin ake cewa an samu giɓi ko rara, da shi ake tsara dusa da ƙwayar auduga da za a kai kowace jiha. In an yi kuskure, shanun wa ke mutuwa? Mun ga 1973, mun ga 1984. A 1994 aka karya darajar sefa da rabi, wanda ya gane lissafin ya ci riba, wanda bai gane ba ya sayar da arha. Dokar kiwo ta 2010 ta kare burtali da mashaya, amma ranar rigima mai awo da taswira ake saurara. Haka ranar ƙiyasta ɓarnar gona.

Za a ce sashen C da wuya, malaman lissafi kuma sun yi ƙaranci a yankunan kiwo. Gaskiya ne. Sai dai maganin wannan shi ne mu matsa wa hukuma ta turo malamai, ba mu janye ƴaƴanmu ba. Ba mu raina adabi, muna bukatar lauyoyi. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma teburin da ake ƙidayar dukiyarmu ba kasafai ake ganin namu a kansa ba.

Saboda haka kowane uba ya je makaranta kafin a raba yara, ya tambayi makin ɗansa ko ɗiyarsa a lissafi. Mai ƙoƙari kada a bari a karkatar da shi. In sai an sayar da tunkiya a biya malamin ƙarin darasi, a sayar. Allah ya sa mu gane.