Muryar Maƙwabci da Ba Mu Saurara Ba

Duk wanda ya zauna a Bagudo, ya ga yadda fatake ke ratsa iyaka daga Tsamiya zuwa Segbana ta ƙasar Benin, suna kai hatsi suna komowa da haja, lalle zai yi mamakin yadda kunnuwanmu suka saba da muryar Muhammad Rafi na Indiya, wanda ya rasu tun 1980, alhali marigayi Gnonnas Pedro, wanda ƙasarsa Benin ke jingine da tamu, ƙalilan ne a cikinmu suka san sunansa. Wannan bawan Allah, da ya riga mu gidan gaskiya a Kwatano cikin 2004, ya rera waƙoƙin bege da lallausar murya, cikin harsunan Fon da Faransanci da Sifaniyanci, ya ɗora su bisa kiɗan agbadja na kakanninsa, kafin ya shiga ƙungiyar mawaƙa ta Africando.

Ban ga aibin son Rafi ba, domin daɗin muryarsa ba ya buƙatar hujja. Amma malamanmu sun karantar da mu haƙƙin maƙwabtaka, kuma a ganina sanin fasahar maƙwabci yana cikinsa. Ya kamata gidajen rediyon Birnin Kebbi su nemo fayafayen Pedro, su ware musu lokaci.